Dalolin da Inna Ta Wanke

Inna ta zo Dubai a shekarar 2012 don a cire mata yanar ido. Idanun biyu duk sun kama, amma likita ya ce ɗaya bayan ɗaya ake yi: a buɗe na dama, a bar shi ya warke, bayan 'yan makonni a dawo kan na hagu. Ya kuma ja mini kunne cewa yanar hagun ta nuna sosai, in aka bar ta ta daɗe tana iya kashe idon gaba ɗaya. Ƙanwata ce ta rako ta. Ta zauna har aka yi aikin farko, ta yi 'yan sare-sarenta na abaya da takalma, ta koma Kano wajen 'ya'yanta. Aka bar ni daga ni sai Inna a ɗan ciki da falon da nake haya a Deira.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In na shigo sai ta dubi bango ta ce, "An dawo?" In abinci ne ta ce, "A ci tun da zafi." A Kano wannan ba ya damun kowa, gida cike yake da masu isar da saƙo. A nan kuwa ba kowa tsakaninmu sai na'urar sanyaya ɗaki, ita ce kawai ke surutu daga safe zuwa yamma.

Aikina kago ne. 'Yan kasuwarmu su sayi kaya, ni in auna, in ɗaure, in loda a kwantena a tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali, in kuma sha zagi in kwali ya makara. Amma abin da mutanen layinmu suka fi sanina da shi, suna kuma yi mini dariya a kai, shi ne tara tsofaffin dalolin azurfa na Amurka. Wani Alhaji mai sarin yadi ya taɓa juya ɗaya a hannunsa ya tambaye ni ko tana sayen shayi. Na ce a'a. Ya ce to Allah ya ba ni lafiya.

Wani abokina ne ya shafa mini ciwon, mutumin Zangon Kumasi, direban motar wani otal. Wata rana ya kai wani tsohon Ba'amurke filin jirgi, suka yi hira a hanya, da zai sauka ya danƙa masa kwandala ɗaya a cikin 'yar roba mai haske. Abokina ya ɗauka rowa ce aka yi masa. Sai da ya nuna wa wani tsohon Ba'indiye mai sayar da tsofaffin kuɗi a tsohuwar kasuwa, can hayin ruwa, sannan ya san abin da aka ba shi. Dala ce ta ƙarshen ƙarni na goma sha tara, gabanta kan mace, bayanta mikiya ta buɗe fiffike. Shekaru sun rina ta, gefenta ya yi baƙi-baƙi, tsakiyar kuma shuɗi da ja suna walƙiya kamar wuyan tantabara. Ba'indiyen ya ce masa abu ɗaya zai gaya masa kyauta: duk ranar da ya wanke ta, ya kashe ta.

A shekarar 2009 kasuwa ta kwanta, 'yan kasuwa suka ɗauke ƙafa, muka koma zaman kashe wando a ofis. A lokacin na fara bin abokina muna hawa abra, ƙaramin kwalekwalen nan na katako, mu tsallaka wajen tsohon. A wurinsa na koyi riƙe dala ta gefe don kada yatsa ya taɓa fuskarta. Na koyi gwada ta da maganaɗisu, da sauraron ƙararta, domin ta gaske tana da wani dogon amo, jabu kuwa sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Na koyi neman ɗan ƙaramin harafin da ke ƙarƙashin mikiya, mai nuna garin da aka buga ta. Jabu ta ci ni tun farko, na yi kwanaki ina huci. Daga baya ido ya buɗe, na riƙa saye ɗaya-ɗaya, akwai masu kan mace mai damammen gashi, akwai na baya-bayan masu tsinkayen haske a ka. Ban san yadda zan bayyana daɗin abin ba. Garin nan komai nasa sabo ne, kuma ba abin da yake nawa, iznin zaman kansa sai an sabunta maka. In na buɗe durowa na ɗauko abin da ya girmi kakana, na dube shi da gilashin ƙara girma har in ga silin gashin matar nan ɗaya-ɗaya, sai in ji hankalina ya kwanta.

Abokina a Sonapur yake kwana, ɗaki cike da maza, gado kan gado, ba inda mutum zai ɓoye ko allura. Saboda haka ya kawo mini tasa dalar ajiya, na sa ta cikin nawa. Ita ce ta fi duka kyau, na sha faɗa masa, shi kuma ya sha ce mini in ci gaba da haɗiyar yawu.

Idon Inna na dama ya buɗe tangaran. Ranar da aka cire bandeji ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Amma murnar ba ta yi nisa ba, don ba abin da za ta yi da ganin. Likita ya hana ta sunkuyo da shiga ƙura. Wanki inji ke yi. Abinci wata Bakanuwa mai gidan abinci a ƙasan layinmu ke aiko mana. Murhun lantarki kuwa tsoronsa take ji. Matar da a gidanta ba ta zama sai salla ta zaunar da ita, wadda tasoshin jerenta har maƙwabta ke zuwa kallo, ta koma wuni a bakin taga tana kallon shanyar mutane. Ta rage cin abinci. Ta fara gaya wa bango cewa an ajiye mutum kamar kayan da aka manta a tasha, ido ɗaya ai ya isa, a nema mata tikiti. Ni kuma in ce jirage sun cika, in ce sai an tambayi likita, ina ta ja mata rai har ranar aiki na biyu ta zo. Kullum da fargabar nan nake fita.

Wata Alhamis na wuni a Jebel Ali wajen wata kwantena da aka riƙe, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin lemun tsami. Na kuma ji abin da ban ji ba tun zuwanta, Inna tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi in tana tankaɗe.

A tsakiyar tebur ga babban farantin silba, a kansa dalolina duka, an jera su reras, kowace ta hau gefen 'yar'uwarta. Suna ƙyalli har suna kashe ido. A gefe ga ɓaraguzan robobin da dalolin suke ciki, an share an tara wuri ɗaya. Waɗanda suke buɗewa da sauƙi ta ɓanɓare da wuƙa, waɗanda aka liƙe tun daga Amurka ta fasa da 'yar taɓaryar dakan yaji. Toka kuwa, a garin da ba murhun itace, ta kaskon turaren wuta ta tara, ta kwaɓa da lemun tsami, ta bi da soson ƙarfe. Yatsunta sun yi baƙi, babban yatsan da ɗan yanka ta ɗaure da tsumma.

"An ga wasu kuɗi a durowa sun yi dauɗa," ta ce wa bango. "Azurfa ce mai kyau, irin wadda kakarmu ke ratayawa ranar salla. Ba a barin azurfa ta yi baƙi, abin kunya ne. Amma namiji ba mace a gida, haka ake."

Na ɗauki ɗaya na shige banɗaki, na kunna famfo don kada ta ji numfashina. Na ɗaga ta ga fitila. Ko gilashi ban buƙata ba. Fuskar matar ta cika da ƙananan karce ta kowace fuska, silin gashin ya lafe, launin shekaru ɗari ya bi ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ke sa kunne ya yi ɗumi, kuma ba wanda zan sauke shi a kansa. Ni mutum ne mai faɗa, duk masu ɗaukar kaya a Deira sun san muryata. Ranar na tsaya ina kallon ruwa yana zuba har zuciyata ta ɗan sauka, sannan na fito.

"Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ta ce amin ba ta dube ni ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Da yamma ta cinye abincinta tas, har ta nemi ƙarin miya. Sannan ta gaya wa bango cewa tayil ɗin kicin ɗin nan ma ba su da kyan gani, in an buɗe ɗaya idon za ta san yadda za ta yi da su. Karo na farko ke nan da ta ambaci ido na biyu da bakinta. Nan take na yanke shawara cewa dalolin sun tafi, sun tafi, amma Inna ba za ta taɓa sani ba.

Saura abokina. Duk Juma'a yakan zo cin tuwo, kuma Inna ta saba da shi sosai. Shi ba ɗan fari ba ne a wurinta, don haka da shi take sakin baki, tana kiransa ɗan Kumasi, tana tsokanar Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. Shi kuma yana ce mata Mma, yana durƙusawa har ƙasa. Na kira wayarsa a kashe, ya kai baƙi yawon sahara. Na tura saƙo bai buɗe ba. Na ce to na tare shi a ƙofar gida bayan sallar Juma'a. Ana sallamewa sai wani ɗan kasuwa da kwalinsa ya ɓata ya riƙe mini hannun riga, ya tsare ni a rana yana karanto mini tarihin kwalin tun daga China. Kafin in ƙwace kaina, abokina ya riga ni hawa.

Inna da kanta ta ɗauko masa farantin, don ya ga aikinta. Da na shigo na same shi a tsugune, tasa dalar a tsakanin yatsu biyu. Ba ihu yake yi ba, muryarsa ƙasa take, shi ya sa ta fi shiga jiki.

"Mma, wannan baƙi da ka wanke, shi ne kuɗin. Shi ake saye. Yanzu khalas, duka sun mutu, sai dai a narka."

Ya ɗago ya ga fuskata, ya gane, ya fara kame-kame, wai wasa yake yi, wai ba komai. Inna ba ta saurari wannan ba. Ta nuna wadda ke hannunsa ta tambaye shi ko tasa ce. Ya ce eh, ajiya ya bayar.

"Ajiya," in ji Inna. Ta gyara mayafinta ta shige ɗaki. Tuwon ranar haka ya sandare a kwano.

Na ja shi zuwa matattakala na fara zazzaga masa abin da na haɗiye tun jiya. Na ce masa ba shi da hankali, bakinsa ya fi kansa sauri. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce shekarunsa a garin nan yana buɗe wa mutane ƙofar mota, wannan dala ita kaɗai ce abin da wani ya ba shi yana kallon fuskarsa, kuma 'yarsa ya yi niyyar kai wa. Idonsa ya kawo ruwa. Sai faɗan ya mutu a bakina, muka zauna a kan matattakala kamar waɗanda aka kora daga gida.

Daga ranar Inna ta daina taɓa komai. In za ta sha ruwa sai ta tsaya ta ce, "Ana iya ɗaukar wannan kofin?" Da gatse take yi da na ji sauƙi, amma da gaske take tambaya. Takan zauna hannuwa a cinya, ko labule ba ta ɗagawa. Na yi duk dabarar da na sani. Na ce ɗan Kumasi bai san komai ba, azurfa azurfa ce. Na ce ni dama na fi son su da haske. Har kwanukan kicin na fito da su na barbaza ko za ta ji haushi ta wanke, ta kewaye su ta wuce.

Da ranar aiki ta matso na durƙusa a gabanta na ce gobe za mu je a auna idon hagu. A nan ne ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta dube ni tsakar ido, da idon nan da aka buɗe.

"Wanda aka buɗe ma ga abin da na yi da shi. A mayar da ni gida."

Na kira ƙanwata ta yi magiya har da kuka. Na kira kawu, yayanta, wanda ba ta taɓa musa masa ba, ta saurare shi ta ce to, ta ajiye waya ta ci gaba da ninke kayanta. Ta ce a Kano ma akwai likitoci, in ta huta za a yi. Na san ba za a yi ba, amma ba a ɗaure uwa. Ana gobe za ta tafi ta sa na kira abokina. Ya zo ya zube yana neman gafara, ta ce ita ce mai neman gafara. Sannan ta roƙe shi aron dalar tasa. Bai tambayi dalili ba ya miƙa mata, ta ƙulle ta a bakin zane.

Sauran na zuba su a tsohuwar safa na jefa a durowa. Sau ɗaya na kai wa tsohon Ba'indiyen guda biyu ya gani. Ya duba, ya girgiza kai, ya jawo sikelin da yake auna azurfar narkarwa. Na karɓe abina na fito, ban sake hawa abra don wannan ba. Ni da abokina muka ci gaba da gaisawa da cin tuwo, amma ba wanda ya ƙara tayar da maganar dala. Abin da ya tsaya mini a rai idon ne. Duk lokacin da na shirya a yi aikin, a Kano ko a nan, sai Inna ta kawo dalili. Azumi ya matso. Ana bikin 'yar wance. Matar ƙanena ta kusa haihuwa. Ƙanwata ta ce mini in daina takura mata, in aka matsa sai ta ƙi cin abinci.

Sai a 2014 na samu na je gida, bayan babbar salla. Ƙanwata ce ta tsegunta mini abin da ake ciki. Ta ce tun dawowar Inna take fama da wata kwandala. Ta binne ta a gindin randa inda ke da laima, ta tono ta ga ba ta yi ba. Ta cusa ta cikin tulun daddawa wata da watanni. Daga baya ta ƙulle ta a tsumma ta rataye a saman murhu inda hayaƙi ke bugawa, kuma ta hana kowa taɓawa. Su duk sun ɗauka wani magani ne.

Kwana biyu da zuwana, da hantsi, Inna ta tashi da kanta ta shiga madafi, ta dawo da ƙullin. Ta zauna a kan tabarma ta kwance shi a hankali. Dalar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, tana danƙo, tana warin daddawa da hayaƙi. Ba mace, ba mikiya, sai ɗan tudu-tudu.

"A kai wa ɗan mutane ajiyarsa," ta ce. "A duba da kyau, ta koma yadda take?"

Ina zaune ta hagunta. Ta miƙo hannu, sai ya wuce ni ya tsaya a iska, gefen kafaɗata. A nan na dubi idon da kyau, ya yi fari fat. Na matsar da tafina ƙarƙashin hannunta ta sake mini dalar. Na juya ta, na riƙe ta ta gefe yadda aka koya mini, na ce ta koma, har ta fi da.

Ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta gaya wa bango cewa to yanzu in ana so a yi ɗaya idon, sai a yi.

Washegari na kai ta asibitin ido. Likitan ya haska fitila, ya auna, ya sake haskawa, ya tambaye ta ko tana ganin hasken. Ta ce a'a. Ya ja ni gefe ya ce yanar ta daɗe har ta tayar da hawan jinin ido, jijiyar ta riga ta mutu, ko an cire ba abin da zai dawo. Ya tambaye ni me ya sa aka bari haka. Na yi masa godiya na koma wajen Inna.

A mota na gaya mata, a taƙaice, ina kallon titi. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Muka yi tafiya mai nisa har muka shigo unguwa. Sai ta ce in za a koma, kada a sa kwandalar nan a jakar kaya, jaka tana ɓata. A sa ta a aljihun gaba.